Baridi Shida: Tarihin Tafiya da 'Ya'ya Bayan Aure Ya Ɓaci

 Akwai wata tambaya da ba a yin ta ranar ɗaurin aure, domin ranar kowa bakinsa har kunne, amma da wuya a tashi daga gidan suna a garinmu Illela ba a ga wata ta ja wata gefe ta yi mata ita cikin raɗa ba. Tambayar ita ce, idan zama ya ƙi daɗi har aka kai ga yaji ko saki, yara na wa ne? In kuma na ɗauke su, iyakata ina?

A wani garin amsar ba ta da tsawo. A nan kuwa sai an zauna, saboda mu a bakin iyaka muke. Daga Illela zuwa Birnin Kwanni ta ƙasar Nijar wajen kilomita 10 ne, ɗan kabu-kabu kan kai mutum kafin shayi ya huce. Su zo mana kasuwa ranar Lahadi, mu je musu ranar Laraba. Auratayya kuwa ba a magana, ni kaina kakata ta wajen uwa 'yar Kwanni ce. To macen da ta yi fushi ta goya jaririnta ta nufi ɗakin uwarta, a ganinta gida ta tafi, amma a takardar hukuma ta fita ƙasa da ɗan mutane. Yadda aka yi abu ya zama haka shi nake so in ba ku tarihinsa.

Bari mu faro daga tushe. Malamai suna kiran haƙƙin riƙon yaro hadana, tsofaffin malamanmu na zaure su ce halana. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, mahaifiyar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba sai ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama hannunsa ya ɗora shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, ta ce ba ta yarda ba, har magana ta kai gaban Halifa Abubakar. Halifa ya ce a bar mata yaron. Umar, duk da kwarjininsa da kowa ya sani, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ku duba fa, ba ma uwar ce ta yi jayayyar ba, kaka ce. Haka kuma a shekara ta 7 bayan hijira, da 'yar Sayyidina Hamza ta biyo Musulmi za su koma Madina daga Makka, mutum uku suka nemi riƙonta, Ali da Ja'afar da Zaidu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Ja'afar, domin matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce.

A kan irin waɗannan ne malaman Malikiyya suka gina hukuncin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, da Muhtasar na Shehu Halil mutumin Masar, littattafan da alƙalan ƙasar Hausa ke buɗewa tun kafin jihadi har gobe. Abin da suka ce a fili yake. Bayan rabuwa uwa ce mai riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta faɗi, sai uwarta, sai 'yar'uwarta, sai an ƙare wannan layin tukuna a juyo wajen dangin uba. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba, ko yaran suna hannun wa. In ma riƙo ya kai ga namiji, sai ya kasance yana da macen da za ta kula da yaron a gidan.

Na san wata za ta ce, to ai an ce in mace ta sake aure shi ke nan. Gaskiya ne, in ta auri bare ga yaron kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi, kuma a mashhurin zance ko auren nan na biyu ya mutu ba ya dawowa. Amma faɗuwar ba hannun tsohon miji take yi ba kai tsaye, hannun kaka take yi, muddin kakar ba gida ɗaya suke zaune da 'yar tata ba. Sannan in wanda riƙo zai koma wa ya san an yi auren ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya makara. Wani wurin da mata ke zubar da haƙƙinsu shi ne wajen hul'i, inda akan ce in tana son takardarta sai ta yafe riƙo. Mace tana cikin zafin rai, burinta kawai ta ga ta fita, sai ta dangwala hannu, bayan wata uku hankali ya dawo a fara kuka.

Yanzu ga inda maganar tafiya ta shigo, nan ne kuma zan ɗan daɗe. Shehu Halil ya sa sharaɗi cewa kada mai riƙo ta yi ƙaura da yaro nesa da waliyyinsa tsawon baridi shida. Baridi awon tafiya ne na mutanen da, mil 12 ke nan, shida ya zama mil 72, a lissafin yau kilomita 120 zuwa 130 da 'yan kai. Ku tuna baridi huɗu ne ake fara yin sallar ƙasaru, to wannan ya ɗara shi da rabi. Kuma ƙaura ake nufi, wato tashi da niyyar zama. Wadda ta je biki, ko jinya, ko sarin kaya ta dawo, ba ta shiga ciki ba. Dalilin malamai shi ne uba ke da alhakin tarbiyya da karatu da aurarwa, in aka yi nisa da yaro ta ina zai sa ido? Akwai ma wata fahimta da aka ɗauko daga Mudawwana mai cewa baridi biyu kacal, amma shida ne ya fi shahara.

Sai mu auna da garinmu. Kwanni ko baridi ɗaya ba ta kai ba. Sakkwato, kilomita 80 da wani abu ta hanyar Gwadabawa da Kware, tana cikin shida, ko da yake ta wuce biyu. Gusau ta fita. Kano, Kaduna, Abuja, Maraɗi, Yamai, duk sun fita fintinkau. Abin mamaki ke nan. A awon littafi, wadda ta tsallaka wata ƙasa ta zauna a Kwanni tana nan kusa, wadda kuwa ta hau mota ta koma wajen yayanta a Kano, cikin ƙasarta, ta ba mijin hujjar karɓe yara da hannunta. Halil bai san da wani shingen kwastan ba, hanya ya sani da nisanta.

Hukuncin nan yana da ɗaya fuskar, mai ɗaci, kuma ba zan ɓoye muku ba. Idan uban ne ya tashi zai ƙaura baridi shida, yana da ikon tafiya da yaran, in ya rantse zama zai yi, kuma hanya da garin da za shi akwai aminci. Ko mai shan nono ne, in zai karɓi nonon wata. Zaɓin da ya rage wa uwa shi ne ta bi su can ta ci gaba da riƙo. A zamanin ayari da raƙuma, lokacin da wanda ya tafi Gwanja fataucin goro sai ya yi shekara ba a ji ɗuriyarsa ba, hikimar a bayyane take. Yau da waya ke hannun kowa, mota kuma take cin baridi shida kafin azahar, ni dai a ganina wurin ya isa malamanmu su sake zama a kansa. Ba sabon abu ba ne. Ƙasar Maroko 'yan Malikiyya ne kamar mu, amma a dokar iyali da suka yi a 2004 sun ce ƙaurar uwa daga gari zuwa gari a cikin ƙasar ba ta zubar da riƙo sai in kotu ta ga cutarwa, sake aurenta ma ba ya zubarwa in yaron bai wuce shekara 7 ba, in ya kai 15 kuma shi zai zaɓi inda zai zauna.

Wannan littafi ke nan. Amma ni da ku mun san abin da ake yi a zaure daban ne. Al'adar Bahaushe ta ce ɗa na uba ne. Mace ta fita da na goye, ranar da aka yaye shi a aiko gwaggo ta ɗauke shi. Kakata takan ba mu labarin ranar da aurenta na fari ya mutu, tana ɗaure kayanta surukarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mata, “Ɗiya na ubansu na, ke dai goyo anka ba ki.” Ta bar biyu ta fita da ɗaya, shi ma bayan shekara aka zo aka karɓe. Ba alƙali, ba sammaci, ba kowa. Kuma ba ta ga an zalunce ta ba a lokacin, don haka ta ga an yi wa uwarta.

Al'adar tana da nata dalilin, kada mu yi mata rashin adalci. Gida na gandu ne, yaro hannu ne a gona, kuma bazawara ba ta daɗewa ba ta sake aure ba, ga gorin agola da ba wanda ke so a yi wa ɗansa. Riƙon ɗan wani ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da wata Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ko kiran sunansa, balle ta tsaya gaban maza ta ce a ba ta shi. Kunyar nan ita ta fi cin mu. Yawancin matan da na sani da suka rasa 'ya'yansu ba a kotu suka rasa su ba, a bakin ƙofar gida ne, ba su ma san akwai abin da za su nema ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Wani lokacin kuma abin ya juye, namiji ya kora uwa da 'ya'yan gaba ɗaya don ya huta da ciyarwa, kamar yadda Hajiya Balaraba Ramat ta nuna a littafinta Alhaki Kwikwiyo, inda aka kori Rabi da 'ya'ya tara. Nan kuma sai ka ji ba a tuna ɗa na uba ne ba.

Ana nan tsakanin littafi da al'ada sai ga na uku ya shigo, wato iyaka. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka zana da'ira mai faɗin mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Kwanni tana ciki. Duk da haka a watan Mayu na 1899 rundunar Faransawan nan biyu, Voulet da Chanoine, ta faɗa wa garin ta yi kisan da har yau tsofaffi ba su manta ba. Daga baya Faransa ta koka cewa an bar mata hamada, ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906 aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu, guda 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Da haka Kwanni ta koma hannun Faransa, mu muka zauna a na Ingila. Neman ruwan sha na sojan wani ne ya raba ɗakin kakata da na jikokinta.

Daga nan shari'ar gidajen biyu ta rabu. Turawan Ingila da suka ci Sakkwato a 1903 sun bar alƙalai da littattafansu a kan aure da saki da gado. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotunan daga hannun En'e suka zama kotunan yanki, a shekara ta 2000 kuma, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, jihar Sakkwato ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Tsarin mulkin 1999, sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba maganar aure da riƙon yara. Wato macen Illela in ta kai ƙara, da Risala da Muhtasar za a yi mata hukunci, in ba ta gamsu ba ta ɗaukaka har Sakkwato. A 2021 ma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha.

A Nijar abin ba haka yake ba. Faransawa ba su ɗaukaka alƙalan Musulunci ba, abin da suka kira al'ada suka riƙe. Bayan 'yancin kai dokar 1962 ta ce a maganar aure da saki da 'ya'ya da gado a bi al'adar masu shari'a, dokokin 2004 da 2018 suka zo suka bar wannan ƙa'ida. Ana farawa da sulhu wajen mai gari ko sarki, in ya gagara a je gaban alƙalin gwamnati wanda ya yi karatun dokar Faransa, da dattawa a gefensa suna gaya masa abin da al'ada ta ce. Abin da aka fi ji a bakin mutane can shi ne yaro yana wajen uwa har shekara bakwai, daga nan uba ya karɓa. An yi yunƙurin rubuta dokar iyali guda ɗaya a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka sake gwadawa a 2011, nan ma aka janye.

Illar hukunci da al'adar da ba a rubuce take ba, kowa da yadda zai fassara ta. Shari'ar Hadizatu Mani ta isa misali, kuma a Kwanni aka yi ta. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 ga wani mai hali, ta zauna gidansa a matsayin wahaya har ta haihu. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. A watan Maris na 2006 ƙaramar kotun Kwanni ta ce ba aure tsakaninsu, ta tafi abinta. A watan Yuni na shekarar babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci, ita ma da sunan al'ada. Da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta wai ta yi aure kan aure. Sai a Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Gari ɗaya, al'ada ɗaya, hukunci biyu cikin wata uku. Wannan ƙofa ta ECOWAS ma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

To ku haɗa wannan da wancan ku gani. Takardar hukuncin alƙalin Illela ba ta aiki da kanta a Kwanni, masinjan kotu ba ya tsallaka shinge da sammaci. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka yi a birnin Heg a 1980 ta mayar da yaron da ɗaya daga cikin iyaye ya gudu da shi wata ƙasa, amma Nijeriya da Nijar ba wadda ta shiga. Saboda haka wanda ya riga tsallakawa da yara, uwa ce ko uba, shi ke da su a hannu, sai dai a bi shi da lallami. Mata kan ɗauka wannan gata ne gare su. Ku tuna dai namiji ma yana da babur, yana kuma da dangi a Tawa ko Dogon Dutsi.

Sannan iyakar nan ba kullum take buɗe ba. Janar Buhari ya rufe ta a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, ga fari ga yunwa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunansa. Aka sake rufewa a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Illela na ciki. Bayan sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka kuma garƙamewa har Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, a rediyo maganar shinkafa da fetur da albasa ake yi. Ba mai lissafa yaran da dare ɗaya ya raba da uwa ko uba.

Wata maƙwabciyata tana cikinsu. Ta yi yaji a wajen ƙarshen Yulin 2023, ta tafi ɗakin uwarta a Kwanni da na goye da mai bi masa, ta bar babban saboda yana firamare. Ga shi yaji ba saki ba ne, igiya tana nan, riƙo na su biyu ne, ko saki ɗaya ne ma Alƙur'ani a cikin Suratuɗ Ɗalaƙi ya ce mace ta yi idda a ɗakinta, mu ne muka mai da tafiya gida al'ada. Ita dai ta lissafa kwana bakwai za a zo biko. Kafin bakwai ɗin ta cika aka rufe hanya. Ana bi ta ɓarauniyar hanya, ba a fasa ba, amma kuɗin kabu-kabu ya ninka, kuma wane dattijo ne zai yarda a yi ta sukuwa da shi cikin gonaki don bikon matar wani? Mijin ya ɗauka da gangan ta yi, ita ta ɗauka ya samu abin da yake so. Magana ta waya kuwa kun san ta, ba ta gyara sai ƙara ɓatawa. Ya je kotu yana cewa an sace masa 'ya'ya an kai ƙasar waje, aka ce masa Kwanni ba ta kai nisan da littafi ya faɗa ba, kuma ba yadda za a yi sammaci ya isa can, ya nemi manya.

Manyan ba su samu zama ba sai bayan ƙaramar sallar 2024, lokacin kuwa saki ya riga ya auku. Kawunta ya zo daga Kwanni, aka zauna a zauren limamin unguwarmu, liman ya buɗe Risala ya karanta musu babin, ya fassara da Hausa. Wan mijin ya ce su a gidansu ba a taɓa barin ɗa a hannun mace ba. Kawun ya ce su ma a nasu haka ne, amma ga abin da malam ya karanta. Aka tashi a kan ƙananan biyu su zauna wajen uwarsu, babban ya ci gaba da makarantarsa a Illela ya riƙa zuwa mata hutu, uban kuma duk ranar Laraba in ya shiga kasuwar Kwanni ya biya ya ga yaransa ya ajiye musu hatsi da kuɗin cefane. An rubuta a takarda biyu, ɗaya da boko ɗaya da ajami, shaidu huɗu suka sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya. Ita tata tana cikin ƙasan adakar uwarta, a naɗe cikin leda tare da katin rigakafin yaran.